Gambar Iyaka da Baƙinka Suka Tumɓuke

Unguwar Dashi,
ta Ɗambatta.

Zuwa ga ƙanena Lazarus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da addu'ar takardar nan ta same ka kai da iyalinka cikin ƙoshin lafiya. Yaya Jemima da jiki, ina fata hawan jinin ya ci gaba da lafawa? Yaya 'yan makaranta, Susanna da Zakariya? Yaya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Allah ya tsare ku a bakin aiki da kan hanya, ya albarkaci abin da kuke nema, amin. Mu nan da sauƙi. Inna tana nan da ƙafarta, wata rana ta taka, wata rana ta ƙi, amma bakinta lafiya lau, tana cin tuwo tana yi mini faɗa. Ruwan farko ya sauka, an yi shuka, gero ya fara tsirowa. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi tagwaye. Iyakar labarin daɗin da nake da shi ke nan, sai ka riƙe shi da kyau.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Ni ma ba don daɗi na zauna ina murɗa yatsuna da biro ba. Na lura ne duk sanda na kira ka na ɗauko maganar da ba ta yi maka daɗi ba, sai layin Fatakwal ya lalace, in ji kana ta alo alo, sai shiru. To, takarda ba ta katsewa. Na ba Sabiru direban motar albasa, na ce ya danƙa maka hannu da hannu, kada ya matsa sai ya ga ka buɗe. Maganar baƙinka ce da maganar gonarka ta tudu, don yanzu sun zama magana ɗaya.

Ka tuna bara da damina ka kira ni ka ce akwai wasu Turawa mutanen ƙasar Holan da kuka haɗu a coci, miji da mata da 'ya'ya biyu, suna son su zauna a ƙauye su yi aikin sa kai. Ka ce ba su da matsala, ɗaki kawai zan ba su, ba zan ma san suna gidan ba. Haka ka ce, Lazarus, kana can zaune ƙarƙashin fanka. Ni kuwa tun ranar da suka sauka ban sake yin wunin da ban san suna gidan ba. Mijin, Pita, gari ya sa masa Dogo, saboda sai da ƙofar zaurenmu ta sha goshinsa har muka daina ce masa sannu. Matar Marika. 'Yan matan kuwa Inna ta gwada sunayensu harshenta ya ƙi, ta ce Ladi da Talatu ne, kuma suna amsawa.

Ba zan ci amanarsu ba, ba malalata ba ne. Dogo ya tayar da rijiyar burtsatsen nan ta bakin makaranta da kowa ya fid da rai da ita. Ya haƙa ramin taki a bayan gida, yana tara shara da kashin dabbobi yana juyawa, takin kuma ya yi kyau. Marika ta tsaya wa lambun zumuntar mata, ba ta tsoron fartanya, ba ta tsoron rana, har fatar wuyanta ta saɓule. Suna cin tuwon dawa da miyar kuka ba yamutsa fuska. Ciwona da su guda ne: hannunsu ba ya iya zama wuri ɗaya. Abin da duk suka gani, sai sun gyara shi. Tambayar me ya sa ba ta ƙarewa a bakinsu, amma ba sa yin ta sai bayan sun gama aikin.

Wata safiya ina daka, Dogo ya zo ya karɓe taɓarya daga hannuna, wai bayana zai yi ciwo. Ƙato guda, magidanci, ya tsaya a tsakar gida yana luguden gero, rabi a turmi rabi a ƙasa. Kafin ka ce kwabo matan gida uku sun leƙo ta katanga, na zama abin hira a bakin rijiya har aka yi kaka. Marika ta samu tukunyar miyata ta ƙasa, wadda Inna ta ba ni, ta ga baƙin jikinta ta ɗauka dauɗa ce, ta sa sabulu da soson ƙarfe ta kankare ta fes, muka yi ta shan miya mai ƙamshin wanki. Gaisuwa kuwa kada ka tambaya. Dogo zai wuce dattawa a zaune ya ɗaga hannu ya ce sannu, ya ƙara gaba da sauri kamar ana bin sa, ni ce mai bi daga baya ina ba da haƙuri. Duk wannan na shanye, na ce baƙo raɓa ne, gobe sai labari.

Sai maganar awaki. Ka san da damina dabba a turke take, ko jariri ya san wannan. 'Yan matan suka yi ta kuka wai an ɗaure awaki ba laifin tsaye ba na zaune, iyayen suka yarda a sake su su ɗan sha iska. Iskar da suka sha ita ce waken gidan Malam Sama'ilu, maƙwabcinmu na gona, aminin Baba Maikano. Na ɗauki Inna da ƙafarta muka je ban haƙuri. Tsohon, wanda idonsa ya riga ya tafi, ya yi dariya ya ce baƙo ko da ido makaho ne, a bar maganar. Amma ɗansa Zubair, wanda gonar take hannunsa yanzu, bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce ya ji, ya tashi ya fita.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. In ba ka manta hanyar gonarka ba, ka san layin gambar da ya raba ta da gonar gidan Malam Sama'ilu. Baba da Malam Sama'ilu ne suka dasa ta da hannunsu tun ba a haife ka ba. Kowace kaka mu yanka mu raba biyu, kowane gida ya saƙa zanarsa. Babu takarda, babu dutse, babu siminti, ciyawar nan ita ce shaidar iyakarmu. Ɗorawar Inna kuma tana ɓangarenmu, gambar ta bi ta bayanta. Daga ɗorawar nan take samun kalwar daddawar da take aiko maka duk shekara, kana ci kana cewa babu irinta a Fatakwal.

Ana cikin sharar gona aka yi rasuwa a dangin marigayi mijina a Kunci, na tafi gaisuwa na kwana can. Kafin in tafi na yi ƙorafi a tsakar gida, ni da bakina da ba ya shiru, na ce kowa ya gama shara ban da ni, ga baya ya riƙe. Ashe sun ji, sun ƙulla za su yi mini abin mamaki. Da na dawo na tarar da su huɗu a ƙofar gida a jere, sai murmushi suke, hannuwa duk sun yi ƙulu-ƙulu da ruwa. Suka ja ni zuwa gona ko mayafi ban ajiye ba. Ladi ta ce in rufe ido. Ni da tsufana na rufe. Da na buɗe, Lazarus, sai na ga fili fetal tun daga hanyarmu har rijiyar gidan Malam Sama'ilu. Na nemi gamba sama ko ƙasa na rasa. Na zauna daɓas a ƙasa. Su kuwa sun ɗauka daɗi ne ya kayar da ni, Marika har da rungume ni.

Ba yanka suka yi ba, da da sauƙi, da ta sake tohowa. Diga suka sa suka tone ta gindi-gindi har saiwa, wai ciyawa ce mai shanye wa amfani taki. Suka cike ramukan, suka bi da manjagara suka baje, har tsofaffin kunyoyin hagu da dama suka share don kada wurin ya yi muni. Aiki tsaf, ko kai ka gani sai ka yaba, in ba ka san abin da aka kashe ba. Na tambayi mutane yadda aka yi ba wanda ya tsayar da su. Wasu suka ce sun tafi kasuwa. Wasu suka ce da suka ga Bature da diga sun ɗauka famfo za a ja. Wanda ya fi ƙona mini rai, an ce Zubair ya wuce a kan babur, ya tsaya ya kalle su, ya yi musu sannu da aiki, ya tafi abinsa.

Ana wata sai ga wata. Da yammacin ranar hadari ya haɗu, ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya shafe ɗan alamar da ta rage. Da gari ya waye, kafin in auno iri in fito, Zubair da ƙannensa sun yi nisa da shuka, layinsu ya wuce ɗorawa ya shigo cikin gonarka. Na same shi na ce wannan fa? Ya durƙusa har ƙasa, ya ce mini Gwaggo, shi dai a saninsa gambar ta gaban ɗorawa ta bi, in kuma kuskure ya yi, in nuna masa gambar ya janye. Da ladabi ya faɗa, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa namu bangon baƙinmu ne suka rushe shi da hannunsu. Na dawo gida ko ruwa ban sha ba.

Muka je gaban mai unguwa. Dogo ya fito da wayarsa ya ce ai yana da hotuna. Aka duba, hoton akuya, hoton faɗuwar rana, hoton Inna tana barci, hoton tuwo. Guda ɗaya ne gambar ta fito, shi ma Talatu ce ta tsaya a gaba ta tare ɗorawar. Zubair ya ce waya ba ta shaidar gona. Aka juya ga mutanen gari, waɗanda suke bin hanyar nan safe da yamma tun suna yara, kowa ya sunkuyar da kai wai bai lura ba. Na san dalili, kuma shi ne abin da yake ba ni tsoro. Maganar ta fara sauya kama. Wani a cocinmu ya ce mini ai don mu Kirista ne ake so a ci mana gona. Na ce ya rufe mini baki, Baba da Malam Sama'ilu a akushi ɗaya suke cin tuwo, maganar ƙasa ce ba ta addini ba. Amma na ji a can ɓangaren ma akwai masu cewa mun kawo Turawa ne su auna gonakin mutane. Irin wannan magana in ta kama, ba iyakar gona ɗaya za ta ci ba.

Mai unguwa ya ce mutum ɗaya ne ya rage a raye da ya san inda aka dasa gambar, shi ne Malam Sama'ilu, a je a ji ta bakinsa. Ya kuma ja mini kunne, ya ce a gama kafin a shiga noman firi, wato noman farko, domin shi ba zai sa a tuge abincin da aka riga aka nome ba. Kai ma manomi ne ya haife ka, ka san sauran: inda mutum ya girbe bana, nan zai shuka baɗi, daga nan kuma ya zama nasa. In firi ya wuce, gefen gonarka ya tafi, ɗorawar Inna ta tafi.

Na je wurin tsohon. Lazarus, ba Malam Sama'ilun da ka sani ba ne. Yana kwance a zaure ya zama ƙashi da fata, tari yana tsinka masa magana, matarsa Hure ta ce ko koko sai an lallaɓa. Ya saurare ni har na kai aya. Ya ce ya san wurin, in ido ya tafi ƙafa ba ta manta ba. Ya ce amma sau ɗaya zai taka iyakar nan, kuma ba zai taka ta ba sai da ɗansa a hannu ɗaya, mai gonar a ɗaya hannun, su biyun su dasa da kansu yadda iyayensu suka yi. In ba haka ba, ranar da ya rufe ido za a ce an ja makaho ne an kai shi inda ake so. Na ce masa kana nesa, aiki ya riƙe ka, ni ce nake noma gonar. Ya ce, "Ki kira mini ɗan Maikano. In gonar ba ta kai ya taso dominta ba, ba ta kai in kunyata ɗana dominta ba." Gaskiya ya faɗa.

Baƙinka kuwa, ranar da suka gane abin da suka aikata, Dogo ya yi ja ya yi fari, ya kasa cin abinci. Ya ce zai ɗauko masu awon ƙasa da na'ura daga Kano. Na ce masa in ya sake yi mini wani taimako kafin in roƙa, zan tattara kayana in bar musu gidan. Ya ji. Yanzu kullum da safe sai ya je zauren Malam Sama'ilu, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa tun daga kwana har gajiya har iyali har dabbobi, ba ya tsallake ko ɗaya. Abin da na yi ta fama ya koya ya ƙi, ga shi ɓarna ta koya masa. Har ya miƙa wa tsohon hannu ya ce shi zai tsaya a madadinka. Tsohon ya shafa tafin, ya ce hannun ya yi kanta, na ma'aikaci ne, amma ba shi ya aika a kira ba.

Allah ya sa ba su ƙona gindayen gambar ba, Dogo ba ya yarda da ƙona shara, a ramin takinsa ya zuba su. Sun tono masu sauran rai, sun jera su a inuwar rumbu, sun lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Marika da 'yan matan suna ba su ruwa safe da yamma, daga ruwan da suke ɗebowa da kansu. Wasu sun fito da kore, wasu sun fara bushewa, kullum sai an fitar da matattu. Ni har yanzu a cike nake da su. Sai in fito da niyyar in wanke su tas, in ga Marika a tsugune tana lallaɓa saiwar ciyawa tana share ido, sai in fasa. In koma ɗaki da fushina, ya rasa inda zai sauka, sai ya kama hanyar Fatakwal.

Don haka ka saurare ni, ni na goya ka. Mutanen nan sun tsallako teku sun zo sun yi mana ɓarna da zuciya ɗaya, sun kuma tsaya suna gyara. Kai da gonar take taka, mota ɗaya ce tsakaninka da ita. Kada ka aiko da saƙo a ba mai unguwa. Kada ka sa Fasto ya kira ni ya ba ni haƙuri, haƙuri na da shi har na sayarwa. Kada ka ce mini ba a ba ka hutu ba, in da gawa ce da an ba ka. Ba na kuma so sai an kai ga gawar, domin tarin Malam Sama'ilu ba na wasa ba ne, gero kuma ba ya jiran kowa. In ka ga gonar ba ta dame ka ba, ka faɗa mini da bakinka, in daina zubar da mutuncina a zaurukan mutane. Amma ka sani kowace yamma Inna tana dogara sanda ta tafi gindin ɗorawar nan, tana ɗaga ƙafar da ke mata ciwo tana tsallake tsiron geron Zubair don kada ta taka abinci. Ta zauna can har rana ta yi sanyi, sai na je na taho da ita.

Ka gaishe mini da Jemima da kyau, ka ce mata ta rage gishiri, kuma ba da ita nake ba. Ka shafa mini kan Susanna da Zakariya, ka ce su dage da karatu. Gwaggo Furera tana gaishe ku, da Tahira da mijinta, da Hure ta gidan Malam Sama'ilu, wadda ta ce in gaya maka har yanzu tana tuna kai da satar gyaɗarta. Dogo da Marika sun ce in gaishe ka in kuma ba ka haƙuri, na ce gaisuwar zan rubuta, haƙurin su ajiye su ba ka da kansu.

Inna ce kaɗai ba ta ce a gaishe ka ba. Na ɗauka mantawa ta yi, na ce mata ga takarda zan rufe, me zan ce wa Lazarus? Ta ce tata gaisuwar ba ta shiga takarda, tana nan ta ajiye maka ita a gindin ɗorawa, ka zo ka karɓa tun wurin yana namu.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce yayarka,
Roda Maikano.